Yadda Gyaɗar Gwaggo Ta Je Gana Sau Biyu

Tun da na dawo daga Gana ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a majalisarmu ta Birnin Kudu ba. Wannan ya ce wai da gaske ne suna rawa a wurin jana'iza, wancan ya ce ina tsaraba. Da yake kuma labari ya riga ni isowa gida, sai wani ya gyara murya ya ce, "Malam Nafi'u, yaya gyaɗa?" a kwashe da dariya. Na gaji da ba da shi guntu-guntu. Ga shi nan daga tushe, wanda ya karanta ya ƙyale ni in sha shayina.

Ni malamin kimiyyar halittu ne a sakandare, ina kuma karatun digiri na biyu. Gidanmu a Sundimina manoman gyaɗa ne kaka da kakanni. Amma kuturtar gyaɗa ta sa mu gaba: ganye ya yi rawaya, ya ƙanƙance, shuka ta tsugunna wuri ɗaya, ka tuge ka tarar babu 'ya'ya. Bara da kaka Baba ya tsaya a bakin gona ya daɗe yana kallo, sannan ya ce shi da gyaɗa har abada. Baba ba ya magana biyu. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin da kuɗin gyaɗar nan aka yi mini karatu, kuma na san in ya bar ta rabin ransa ya bari.

To akwai ƙanwarsa, Gwaggo Hansai, da ke aure a Sara ta ƙasar Gwaram. Tana da wata gyaɗa ja mai ƙananan 'ya'ya da ta gada wurin uwar mijinta. Gonakin maƙwabta su yi rawaya, tata tana nan kore shar. Baba ya ce sa'a ce kawai, gonarta a lungu take. Ni na ce sirrin yana cikin irin. Muka yi ta ja-in-ja iya yadda ɗa zai iya ja da ubansa, wato shi yana magana ni ina kallon ƙasa. Na'urar da za ta raba gardamar ba mu da ita a makarantarmu, sai Allah Ya sa wata cibiyar binciken noma a bayan birnin Akra ta ba ni gurbi na 'yan watanni. Na ƙudurta a raina cewa in na dawo da hujja, Baba zai sake shuka gyaɗa.

Na je Sara na roƙi Gwaggo iri. Ta buɗe tukunyar da take ajiye shi cikin toka, ta ɗebo mini tana mita. "Iri za ka kai wa masu jajayen kunne su gani? Su ba su da gyaɗa ne?" Na ce Gwaggo ai baƙaƙe ne irinmu. Ta ce to ya fi sauƙi.

Ana gobe zan tafi na je Sundimina sallama. Na zauna a tsakar gida na ɓare gyaɗar da hannuna, na zaɓi masu kyau na zuba a gwangwanin madara, na rufe na ajiye a ɗakin Baba, na fita gaishe-gaishen dangi. Inna tana gefe tana tankaɗe, ba ta ce mini ba, ban ce mata ba. Ni ɗan fari ne. Tun da na yi wayo Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa miƙo mini abu hannu da hannu ba, in za ta yi magana da ni sai ta fuskanci bango ta ce "a gaya wa wancan". Ku riƙe wannan, za ku buƙace shi.

Washegari na kama hanya. Daga Birnin Kudu zuwa Kano babu abin faɗa, sai wata akuya da aka ɗaure a but ɗin mota tana kuka kamar ta san inda za a kai ta. A Kano na shiga doguwar motar Legas. Yaron mota ya ce in kawo gwangwanin a sa a ƙasa da kaya. Na ce ko da wasa, zafin inji zai kashe mini iri. Na ɗora shi a cinya na rungume kamar ƙwai, ko salla za mu sauka da shi nake sauka.

Wanda ke kusa da ni wani dattijo ne, Alhaji Sale, falken goro da ya yi shekaru yana zirga-zirga tsakanin Kano da Gana. Ya yi ta satar kallon gwangwanin har muka wuce Zariya, sannan ya kasa haƙuri.

"Malam, zinariya ce?"

"Gyaɗa ce, Alhaji."

"To buɗe mana mu taɓa."

Na ce ba ta ci ba ce, na ba shi labarin cutar. Ya ce shi abin da bai gane ba, yaya abin da ido ba ya gani zai tsugunar da shuka sukutum. Ni kuwa malamin makaranta, an taɓo mini inda yake mini ƙaiƙayi.

Na ce, "Alhaji, jikin shuka kamar gari ne mai ƙananan gidaje barkatai. A kowane gida akwai ɗakin da aka ajiye umarnin da shukar ta gada, su muke kira ƙwayoyin gado. Ba duka ake aiki da su lokaci ɗaya ba. A buɗe umarnin yin koren ganye, a buɗe na yin tsawo, in maƙiyi ya shigo a buɗe na tsaro. Ita wannan cuta bairos ce, wata mitsitsiyar ƙwayar cuta, ƙwarin darɓa ke ɗauko ta a baki daga wata shuka zuwa wata. Ba ta iya yi wa kanta komai. Sai ta sa gidan ya ƙera mata waɗansu 'yan aike, furotin ake ce musu. Su ne ke kutsawa har ɗakin umarni, su janye ma'aikatan gidan su sa su dakon bairos zuwa sauran ganyaye. Kafin ka ankara umarnin kore ya yi shiru, na tsaro ya yi shiru, gida na ta aiki amma ba wa kansa ba."

Ya jinjina kai. "Wato baƙo ya kwana ɗaya ya zama maigida. Na san irinsu a kasuwa. Ita gyaɗar gwaggon taka fa?"

"Zatona ita ba ta yarda a rufe mata bakin tsaro. Shi zan je in gani."

Daga nan ya ɗauke ni ɗa. Ba don shi ba da Legas ta cinye ni ɗanye, domin garin babu mai tsayawa ya amsa sallama, kowa gudu yake kamar an biyo shi. Shi ya san motar da za mu shiga zuwa Seme, bakin iyakar Najeriya, shi ya san layin da za a bi a buga mana hatimi. A Kwatano na ga 'yan acaɓa duk da riga ruwan ɗorawa, sun fi fara yawa, har mata da goyo suna tuƙa babur abinsu. Na sayi burodinsu dogo kamar sanda, na gatsa, sai da dasashina ya yi jini. Alhaji ya ce ai sai an tsoma a shayi, baƙauye. Ƙasar Togo kuwa ban gama gyara zama ba aka ce ta ƙare.

Sai Aflawo, ƙofar Gana. A nan ake duba duk wani iri da zai shiga ƙasar, ni kuma na zo da takarduna cif, har ina ɗan taƙama. Jami'in wani ƙaƙƙarfan mutum ne mai fara'a. Ya karanta takarda, ya ce in buɗe. Na buɗe. Wani ƙamshi ya bugi hancina, irin wanda na sani tun ina yaro. Jami'in ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya murza, ɓawon ya tashi kamar ƙaiƙayi. Ya jefa a baki, na ji ƙarar ƙurus.

Ya ce da Turanci, "Takardarka ta ce iri mai rai. Wannan kuwa har da gishiri. Amma wanda ya soya ya iya."

Na tsaya baki buɗe. Nan take na gane abin da ya faru. Inna ta ga ɗanta, namiji magidanci, yana ɓarar gyaɗa da kansa ana gobe zai yi doguwar tafiya. Me zai zo mata in ba guzuri yake so ya rasa mai yi masa ba? Ba za ta iya tambayata ba, ba za ta iya ba ni a hannu ba. Sai ta bari na fita, ta soya ta a yashi yadda nake so, ta mayar a gwangwani ta rufe, ta ajiye inda ta ɗauka. Ƙasashe uku na ratsa ina kare soyayyar gyaɗa daga zafin inji.

Alhaji Sale ya yi dariya har da riƙe ciki, sai da ya ga idona ya kawo ruwa ya daina. Gaskiya na yi baƙin ciki irin wanda ban taɓa yi ba, kuma babu wanda zan yi wa faɗa. Wa zai yi wa uwarsa faɗa don ta so shi?

A cibiyar, shugabar ɗakin binciken, Dokta Ama, ta saurare ni ba ta yi dariya ba, ko da yake na ga leɓenta na rawa. Ta ce ƙwarin darɓa masu ɗauke da cutar da suka tanada ba za su jira ni ba, kuma ɗakin gilashin da ake rainon shuka akwai masu layi a bayana. In iri bai zo kafin ƙarshen wata ba, sai dai in kalli aikin wasu in koma gida.

Na kira Baba na faɗa masa. Ya ce, "Allah ne Ya nuna maka. Ka bar tsohuwa da ɗan abin da ya rage mata, damina na tafe." Gaskiya ya faɗa, domin abin da ke cikin tukunyar Gwaggo shi ne na shukarta, babu wani a duniya. Na ce to. Ashe Inna na bayan ƙofa tana ji.

Abin da ya biyo baya ƙanwata ce ta ba ni labari a waya. Inna, wadda sai ta shekara ba ta fita Sundimina ba, ta yafa mayafi ta nemi izinin Baba ta hau mota zuwa Sara. Ta durƙusa gaban ƙanwar mijinta ta ce ita ta yi ɓarna, a taimaka wa wancan. Gwaggo ta yi faɗa har maƙwabta suka leƙo, ta ce tun da take ba ta taɓa jin inda aka soya iri ba sai a gidan yayanta. Da ta gama ta juye tukunyar a tabarma, ta raba biyu da gefen hannunta, ta tura wa Inna rabi. Ta ce, "Wannan karon da ɓawonta za ta tafi, kuma ki ɗinke bakin, kada wata mai tausayin ta gani."

Saura yadda za ta zo. Nan Alhaji Sale ya nuna mini shi ɗan hanya ne. Ya ce in bar maganar kamfanin aike, akwai hanyar da goro ke bi, ita saƙo zai biyo a juye. Inna ta kai ƙullin tashar Birnin Kudu ta ba direban Kano. Na Kano ya ba wani mai tirela, mai tirela ya ba wani a Legas, kowa Alhaji ya kira shi ya ce amana ce ta wani malami, kada a sa kusa da inji, kada kuma a ci. In ban da na ƙarshe, ban san fuskar ko ɗaya daga cikinsu ba, har yau ina yi musu addu'a.

Kafin ya iso na zauna a zango, unguwar Hausawa, a ɗakin da Alhaji ya samo mini gidan wata Hajiya mai sayar da abinci. Hausarsu ta ba ni dariya, mace ma "ya zo" ake ce mata, su kuma suka ce tawa irin ta rediyo ce. Na ci dokunu, wani tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ɓawon masara, da soyayyen kifi da baƙin yaji. Ranar farko na ce ya lalace, Hajiya ta ce haka yake, ni ne ban waye ba. Kafin in taho sai da na riƙa neman ƙari. Maganar jana'iza kuwa gaskiya ce. Wata Asabar na ji kiɗa na ga rumfuna da mutane cikin baƙi da ja, na ce wa ake aurarwa, aka ce wani tsoho ne ya rasu tun watannin baya, yau ake sallamarsa. Na ce mu a wurinmu wanda ya rasu da hantsi ba ya kai la'asar a gida. Suka ce to yaushe dangi na nesa za su zo? Na ce su yi ta'aziyya daga baya. Kowa ya kalli ɗan'uwansa yana ganin wautarsa.

Ana saura kaɗan wata ya ƙare aka kira ni cewa saƙo na dab da Aflawo. Na kwashi takardu na koma. Direban da ya ɗauko shi daga Legas ya miƙo mini ƙulli a tsumman atamfar da na sani, an yi masa ɗinki kamar na laya. Jami'in nan dai na tarar. Ya gan ni ya washe baki. Ya farke ɗinkin, ya ɓare ɗaya ya tauna, ya yamutsa fuska ya ce, "Wannan ba daɗi. Wuce." Ban taɓa jin daɗin a kushe abin gidanmu ba sai ranar.

Muka shuka ta gefe da gefe da irin kasuwa, wanda Baba ke shukawa. Suka tsiro, muka ɗora musu ƙwarin da burushi mai laushi, ɗaya bayan ɗaya. Ni da na tashi ina kashe darɓa, ga ni ina lallaɓa ta kada ta ji ciwo. Daga nan sai jira. Kullum da safe ni ke fara shiga ɗakin gilashi.

Irin kasuwa ya fara rawaya daga sabon ganye, ya daina tsawo, ya tsugunna daidai yadda yake yi a Sundimina. Na Gwaggo yana tsaye. Na so in yi ihu, Dokta Ama ta ce ido ba hujja ba ne, wataƙila ƙwarin ne ba su cije ta ba, sai mun ji daga cikin ganyen. Aka ba ni ɗan turmi da taɓarya na farin dutse, ana zuba wani ruwa mai tsananin sanyi da ke hayaƙi, ina daka ganye har ya zama gari. Na ce da matan gidanmu za su gan ni ina daka da na shiga uku. Daga garin nan ake tace saƙonnin da kowane umarni ke fitarwa, na'ura ta auna wanne ke magana da ƙarfi, wanne aka rufe wa baki.

Ranar da sakamako ya fito, Dokta ta juyo mini da allon kwamfuta ta ce in karanta da kaina. A irin kasuwa saƙon bairos ya cika ko'ina, umarnin kore ya dusashe, na tsaro da ƙyar ake jin sa. A gyaɗar Gwaggo bairos ɗin ya shiga, ga alamarsa nan, ba sa'a ba ce, ba lungu ba ne. Amma ɗan kaɗan ne, ya kasa yaɗuwa, umarnin tsaro kuwa ya tashi ya ƙi kwanciya. 'Yan aiken sun zo, gida ya ƙi ba su makulli.

Dokta ta ce sai an maimaita, kuma ba mu san takamaimai inda furotin ɗin ke tuntuɓe ba tukuna, wannan aikin shekaru ne. Na ce na ji. Na fita bayan ɗakin gilashi na yi sujada a kan ciyawa, na tashi ina dariya ni kaɗai kamar taɓaɓɓe. Da aka zo rubuta sunan irin a ma'ajiyarsu aka tambaye ni me ake kiransa. Na ce 'Yar Hansai.

Na dawo gida hadarin farko na haɗuwa. Na sauka Sundimina, na gaida Inna, ta amsa wa bango, amma na ga gefen fuskarta. Bayan la'asar na zauna gaban Baba na nuna masa hoton layuka biyu a waya, na rawaya da na kore, tukwane iri ɗaya, ƙasa ɗaya, ƙwari ɗaya. Na fara bayanin furotin, ya ɗaga mini hannu. Ya daɗe yana kallo.

"Ita ma an sa mata ƙwarin?"

"Da hannuna na sa, Baba."

"Cutar ta shige ta?"

"Ta shiga. Ta kasa ta ne."

Ya miƙo mini wayar, ya tashi ya shige ɗaki. Na kwana ina cewa shi ke nan, na yi iya yina.

Da sassafe ya aiko a kira ni, ya ce in tayar da babur. Na ga ya rataya jaka, bakin ƙaramar ƙwarya na leƙowa. Ban tambaya ba, shi ma bai faɗa ba, sai da muka kai mararraba ya ce, "Sara."

Mun tarar da Gwaggo a tsakar gida ta baje rabin da ya rage mata tana ɓara. Ta ga yayanta, ta ga ƙwarya. Duk Sara an san bakin Gwaggo, na ce yau Baba zai sha. Suka gaisa, ya zauna a kan turmi, ya ajiye ƙwaryar a gabanta, mutumin da tun da nake ban taɓa ganin ya roƙi kowa komai ba.

Ta ce, "Yaya, ba kai ka ce sa'a ce ba?"

"Na faɗa."

"Ba kai ka ce kai da gyaɗa har abada ba?"

"Shi ma na faɗa. Zuba, Hansai, hadari na haɗowa."

Ta dube shi, ta dubi ɗan tsibin da ko gonarta ba zai cika ba. Sai ta sa gefen hannu ta sake raba shi biyu.

Da yammacin ranar aka yi ruwa. Washegari Baba na gaba da sungumi yana sara, ni ina biye ina jefa 'Yar Hansai ina rufewa da ƙafa.